Yadda zaka fara kamfanin gina filin ƙwallo na ciyawar roba har ya girma

Duk wanda yake zagaya Kano ko Kaduna ko Abuja da daddare yanzu ya san ƙananan filayen ƙwallon nan masu ciyawar roba sun yi yawa, an kewaye su da waya an kunna fitilu, samari sun haɗa kuɗi sun kama awa ɗaya ko biyu, wasu na ciki wasu na bakin raga suna jiran nasu lokacin. Yawancin masu tambaya akan yadda zasu mallaki fili irin wannan suke tambaya, su riƙa karɓar kuɗin awa. Ni kuma ɗaya ɓangaren nake so muyi magana akai, wato mai gina filin. Mai fili fili ɗaya gareshi, amma wanda ya iya ginawa duk mai son buɗewa sai ya nemeshi, makarantu masu zaman kansu, otal, rukunin gidaje, masu horar da yara ƙwallo, har gwamnati in Allah ya kaika can.

Abu ɗaya nake so ka riƙe tun daga nan ɗan'uwa, koren kafet ɗin da ido yake gani ba shi kake sayarwa ba. Kafet kowa ma zai iya yin odarsa daga Chaina in yana da dala. Abinda kake sayarwa shine abinda yake ƙarƙashin kafet ɗin, daɓen da hanyar ruwan, sannan da yardar cewa in an kiraka bayan shekara biyu zaka ɗauki waya.

Kafin mu shiga ramin, bari mu leƙa waɗanda suka riga mu

Akwai wani kamfani a ƙasar Italiya sunansa Mondo, a yankin garin Alba. In ka kalli wasannin guje-guje na Olamfik ɗin Paris a 2024 kaga hanyar tseren nan mai kalar shuni a filin Stade de France, toh su suka yi ta. Amma a 1948 lokacin da Edmondo Stroppiana ya fara, mutum ne mai facin tayar keke, sai ya shiga yin ƙwallayen roba na wani wasan gargajiyar yankinsu da ake bugawa da hannu. Shi da 'ya'yansa suka riƙe abin, daga ƙwallo suka shiga shimfiɗar roba ta daɓen ɗaki, daga nan wajen ƙarshen shekarun 1960 suka fito da shimfiɗar hanyar tsere wadda ake gamawa a masana'anta a nannaɗo ta a kawo a manna, sai a 1976 suka shiga cikin masu kai kaya gasar Olamfik ta Montreal. Ka lissafa da kanka, shekara 28 daga faci zuwa Olamfik. Kuma in ka duba da kyau basu taɓa fita daga roba ba, duk matakin da suka hau abinda hannunsu ya riga ya sani ne suka ƙara masa faɗi.

Ga kuma ɗaya misalin wanda ba kasafai ake ba da labarinsa ba. A Jamus anyi wani kamfani Balsam, a wani gari Steinhagen kusa da Bielefeld, wanda a lokacinsa yana cikin mafi girma a duniya a harkar shimfiɗar filayen wasa, har AstroTurf, kamfanin ciyawar roba na Amurka, ya taɓa shiga hannunsu. Yadda suka girma shine sayen abokan hamayya da karɓar aiki akan farashin da bai fitar da kuɗin aikin ba, don dai kar wani ya samu. Ramin da wannan ya haƙa sai suka riƙa cikewa da takardun bashin ayyukan bogi suna sayarwa wani kamfanin kuɗi mai suna Procedo, har asiri ya tonu a 1994 komai ya rushe, manyansu suka ƙare a kotu. Na kawo su ne saboda cutar da ta kashe su ita ce take kashe ƙananan 'yan kwangilarmu, karya farashi don a samu aiki sannan a ci kuɗin aikin gobe a gama na jiya.

A gida ma akwai wanda ya nuna abin yana yiwuwa, kamfanin Monimichelle na Ebi Egbe mutumin Bayelsa, wanda yayi filin Samson Siasia a Yenagoa da na Enyimba a Aba. Shi ma akan abu ɗaya aka sanshi, fili.

Fara da koyo a ƙarƙashin wani

Ba wata makaranta da zaka je ka fito da shaidar gina filin roba. Hanya mafi sauƙi ka nemi masu yi ka bi su aiki biyu ko uku ko da a matsayin mai kula da lebura ne, tun daga ranar da gireda ta shiga har ranar da aka ja buroshi na ƙarshe. In ka taɓa aikin titi ko aikin intalok ka riga ka ci rabin hanya, domin daɓen fili da daɓen titi 'yan gida ɗaya ne, bambancin kawai shi fili yana son ruwa ya ratsa ko ya gangare da sauri kuma baya yafe tudu da kwari ko kaɗan.

Rajista kuma kayi ta da wuri, ta hukumar rajistar kamfanoni wato CAC, lambar haraji, asusun banki da sunan kamfani. Makaranta ko otal mai tsari ba zasu tura miliyoyi asusunka na kanka ba. Ka haɗa kai da safiyo guda ɗaya mai na'urar awo da injiniya mai rajistar COREN, hukumar injiniyoyi ta ƙasa, wanda zaka riƙa kira aiki-aiki, ba sai ka ɗaukesu albashi ba. Gireda da rola da tifa duk haya ake yi, kar ka kuskura ka saya a shekarar farko. Abinda ya kamata ya zama naka na kanka ƙanana ne, wuƙaƙen yankan kafet, abin shafa gam, ƙaramin injin daɓe, doguwar sandar awo ta alminiyam mai mita 3, da buroshi. Sai mutum uku ko huɗu da ka koyar da kanka, su ne ainihin jarin, in ka samu mai hannun haɗa kafet ka riƙeshi da kyau don wallahi samun irinsa yafi samun rola wahala.

Aikin farko kar ya wuce ƙaramin fili, irin mai mita 40 da 20, murabba'in mita 800 kenan. Babban fili na mita 105 da 68 murabba'in mita 7,140 ne, kusan ninki tara, kuma kuskuren da zaka gyara da shebur a ƙarami sai ka dawo da gireda a babba.

Ƙasa da ruwa, nan ne aikin yake

Ranar da mai fili ya kaika wajen, kar ka fara da awon tsawo da faɗi. Ka fara da tambayar maƙwabta ina ruwa yake bi in an yi ruwan Agusta, kuma ina yake kwanciya. Mai shayin bakin layi zai gaya maka abinda safiyo bazai gani ba a watan Janairu. Sannan ka sa a haƙa rami biyu ko uku kamar zurfin mita guda kaga irin ƙasar. In jar ƙasa ce ko burji ka gode Allah. In tsohuwar bola ce aka cike ko tsohon kududdufi, wanda a cikin birni da yawan filayen da suka rage irinsu ne, toh dole a kwashe a zuba sabuwa, in ba haka ba ƙasar zata ci gaba da zama a hankali kafet ya bi ta. In kuma baƙar laka ce mai kumbura da damina ta tsattsage da rani, irin firgin da ake samu wajen Borno ko ƙasar fadama, wannan kar kayi gaban kanka, ka kira injiniya a gwada ƙasar kuma ka faɗawa mai fili gaskiya cewa kuɗin zai ƙaru. In yaƙi yarda ka bar masa aikin. Na san da wuya mutum yana neman aikin farko ace ya bari, amma filin da ya lotsa sunanka ne zai riƙa yawo a bakin 'yan ƙwallon unguwa ba sunan ƙasar ba.

In wajen ya bada dama ka miƙar da tsawon filin kudu da arewa, saboda kar ranar la'asar ta riƙa dukan idon gola. A cikin gari sau da yawa fulotin ne yake yanke hukunci, shikenan sai a haƙura. Ka tabbata kuma mai fili yana da izinin hukumar tsara birni, KNUPDA in a Kano ne, KASUPDA a Kaduna, don in an zo an sa jan fenti kayanka ne a ciki.

Tsarin kansa ba boyayye bane. A kwashe ƙasar sama mai ciyawa da saiwa gaba ɗaya. A daidaita ta ƙasa a bata gangara, a jiƙa a daɓe da rola har sai tifa cike ta wuce bata bar sawu ba. Gangaran da ake so ɗan kaɗan ne, tsakanin rabin kashi ɗaya zuwa kashi 1 cikin ɗari, ma'ana a fili mai faɗin mita 20 in ka ɗaga tsakiya ya zubo gefe biyu, bambancin tsakiya da baki bai wuce santimita 5 zuwa 10 ba. Ido bazai gani ba amma ruwa zai gani. In ka wuce haka ƙwallo zata riƙa gangarawa da kanta 'yan wasa su fara mita.

Daga nan a yanka ƙananan ramukan magudana a jera fayif mai huji-huji a lulluɓeshi da tsakuwa, duk su haɗu a babban fayif ɗaya da zai fitar da ruwan waje. Kuma a nan mutane da yawa suke yin abin dariya, a yi magudana mai kyau a cikin fili amma bakinta ya fita ƙasa da lambatun titi, ran da aka yi ruwa sai na titi ya shigo maimakon na fili ya fita. Ka auna inda ruwan zai faɗa kafin ka yanke tsayin filin, in babu lambatu a haƙa masa rijiyar tsotsewa a cike da duwatsu. Tsakanin ƙasa da tsakuwa a shimfiɗa ƙyallen nan mai kauri da masu aikin titi suke kira jiyotekstayil, aikinsa ya hana laka hawowa ta toshe tsakuwar. Sai a zagaye filin da bakin kankare wanda zai riƙe komai kuma a jikinsa ake kama bakin kafet.

Sai tsakuwar kwari, wato dutsen da inji ya fasa, manya a ƙasa ƙanana a sama, kaurin duka kamar santimita 15 zuwa 20 a ƙasa mai kyau, a zuba hawa-hawa ana daɓewa ba a juye gaba ɗaya ba. Kayi lissafin nan tun a gida, santimita 15 a murabba'in mita 800 kubik mita 120 ne bayan daɓe, kuma abinda tifa ta sauke yana raguwa in rola ta hau, don haka ka saka rara. A saman a bi da siririn hawa na ƙananan tsakuwa don a samu sumul. Garin dutse zalla yana da daɗin daidaitawa shi yasa leburori ke sonshi, amma in yayi kauri ya sha ruwa ya daskare sai ya koma kamar siminti ya hana ruwa wucewa. Wasu kuma kankare suke zubawa gaba ɗaya, musamman a saman bene ko inda dama akwai daɓe, ba laifi bane amma ka sani ruwa ta gefe kawai zai fita, kuma wajen zai yi tauri a gwiwa in ba ka sa shimfiɗar laushi a ƙarƙashin kafet ba.

Kafin a buɗe kafet ko ɗaya, ɗauki sandar nan ta mita 3 ka bi filin lungu-lungu kana ɗorawa. Duk inda ratar ƙarƙashinta ta wuce milimita 10 a gyara. Bayan haka ka kawo tankar ruwa a sheƙa a wurare daban-daban ka tsaya ka kalla, ka ɗauki bidiyo ka turawa mai fili. Wannan bidiyon wata rana shi zai rabaka da rigima.

Sayen kafet

Wannan ciyawar asalinta daga Amurka ne. Kamfanin Monsanto ne ya ƙirƙiro ta, ta yi suna a 1966 da aka shimfiɗa ta a filin Astrodome na Houston bayan ciyawar gaske ta mutu saboda an yiwa rufin fenti rana ta daina shiga. Ta farkon gajeren gashi ce mai tauri, a Ingila ƙungiyar QPR ta saka irinta a 1981, Luton da Oldham da Preston suka bi, ƙwallo na tsalle kamar me 'yan wasa na ƙujewa, har aka hana. Wadda muke gani yanzu mai dogon gashi da ake cikawa da yashi da garin taya a shekarun 1990 ta fito, kamfanin FieldTurf na Kanada na cikin waɗanda suka yaɗa ta, FIFA ta fara tsarin gwada ingancinta a 2001, aka shigar da ita dokokin wasa a 2004. Mu a nan da yawanmu a gasar 'yan ƙasa da shekara 17 ta 2009 muka fara ganinta sosai, wadda aka buga har a Kano da Kaduna da Bauchi.

Dalilin kawo wannan shine har yau ana sayar da kafet iri-iri da suna ɗaya. Akwai na ado wanda ake sawa a tsakar gida da wajen biki, gajere ne kuma ba a yi shi don takalmin ƙwallo ba, amma saboda araha zaka ga an shimfiɗa shi a filin haya, wata shida ya kwanta ya zama tabarma. Na ƙwallo tsawon gashinsa milimita 40 zuwa 60 ne, ƙananan filaye yawanci 40 ko 50. Ka nemi takardar bayanin kayan, ka duba kaurin zaren wanda suke rubutawa da Dtex, da yawan ɗinki a kowace mita, da irin bayan kafet ɗin da hujin fitar ruwa. Ka sa a aiko maka da samfur, ka kama gashin ka fizga da ƙarfi, in ya biyo hannunka ka san sauran.

Abinda yafi komai muhimmanci a wajenmu shine maganin rana da ake haɗawa a cikin zaren. Kar ka ɗauka wasa ne, FieldTurf da girmansa ya sha ƙararraki a Amurka akan wani zare mai suna Duraspine da ya riƙa karyewa yana zubewa kafin lokacinsa musamman a wurare masu rana, shi ma kamfanin ya kai wanda ya sayar masa da zaren kotu a 2011. In haka ta faru a can, ka auna da ranar Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu. Don haka garanti a rubuce, na shekara nawa, kuma ka gaya musu ƙarara ƙasar da za a kai. Manyan masana'antun Chaina irin su CCGrass da Bellinturf suna da kayan da FIFA ta gwada, suna kuma da masu araha, duka a gida ɗaya, kai ne zaka faɗi wanda kake so. Kuma ka gane wani abu, shaidar FIFA Quality ko Quality Pro fili ake baiwa bayan an gama an zo an gwadashi a inda yake, ba nannaɗen kafet ba. Duk wanda yace maka kafet ɗinsa na FIFA ne don haka filinka ya zama na FIFA, talla yake. Filin haya na unguwa ma baya buƙatar wannan shaidar, kayan kirki kawai yake buƙata.

A aikin farko da na biyu ka saya a hannun dillalan Legas ko Abuja duk da tsadar. Shigo da kwantena da kanka sai ka san Form M, takardar shigo da kaya, da SONCAP, shaidar ingancin kaya, da halin kiliya a tashar jirgin ruwa ta Apapa, kuma sai kana da aikin da zai cinye kayan, in ba haka ba kuɗinka na kwance a sito.

Shimfiɗawa

Kafet yana zuwa a nannaɗe, yawanci faɗin mita 4. A warware a barshi ya sha rana ya saki jiki kafin a yanka, kuma duk gashin ya kalli gefe ɗaya, in ka juya ɗaya zaka ga kalarsa ta bambanta har abada. A datse bakin kowanne a haɗa su kan tef da gam mai haɗi biyu, a bi da abu mai nauyi a danne. Gam ɗin nan yana saurin kamawa a zafi, don haka da sassafe ko bayan la'asar ake haɗi, kuma a dama kaɗan-kaɗan. Kafet da aka yanka da tsakar rana yana miƙe ne, da dare yayi sanyi zai ja baya ya bar maka rata. Farin layi ba fenti bane, yanka ake a cusa farin kafet a manne, kuma nan ne fili yake fara ɓallewa, musamman da'irar tsakiya da wajen bugun fenariti, ka tsaya a kansu da kanka kar ka tafi cin abinci.

Yashin cikawa kuma ba yashin gini bane. Ana son wankakke, busasshe, tatacce, mai ƙwaya mulmulalliya ba mai kaifi ba, mai kaifi yana yanke zaren daga gindi, mai laka kuma yana toshe huji. Yawansa yana rubuce a takardar masana'anta, in misali sun ce kilo 20 a murabba'in mita toh tan 16 kenan a ƙaramin filin nan, kar ka rage don mai fili bazai gani ba, yashin ne yake danne kafet yake kuma tsayar da gashin. A zuba kaɗan a ja buroshi a ƙara, sannan garin taya a sama. Shi ma garin tayar a duba babu guntun waya a ciki. Ka sani kuma Tarayyar Turai ta yanke a 2023 cewa daga 2031 za a daina sayar da irin wannan garin robar don cika fili, shi yasa masana'antu suke ta fito da masu cikon ɓawon itace da waɗanda basa buƙatar ciko, nan gaba kaɗan zasu cika kasuwarmu, yana da kyau ka fara saninsu.

Ka gayawa mai fili tun wuri cewa da rana tsaka a bazara saman kafet ɗin nan yana iya wuce digiri 60, babu mai buga ƙwallo a kai, kasuwarsa daga la'asar ne zuwa dare. Ma'ana fitila ba ƙari bace, rabin sana'ar ce. Ka koyi haɗa fitilun LED da sola ko ka samu mai yi ku riƙa tafiya tare, haka welda mai kafa turaku da waya da ragar sama. Gara kwastoma ya biyaka ka miƙa masa makulli fili ya kammala da ace ya nemo mutum biyar kowa na ɗorawa wani laifi.

Farashi da takarda

Kafet da gam da tef duk dala ce. Wanda ya bada farashi a farkon 2023 dala tana ƙasa da naira 500 a hukumance, ya zo sayen kaya a farkon 2024 ta haura 1,500, kaga ko bai ci kobo ba ya shiga uku. Saboda haka takardar farashinka ta kasance da wa'adi, sati ɗaya ko biyu, ka raba kayan waje daban aikin ƙasa daban, kuma kafin alƙalamin da zaka karɓa ya isa sayen kayan waje gaba ɗaya a ranar. Sauran biya a ɗaure shi da mataki, in an gama daɓe a biya, in an shimfiɗa a biya. Kuɗin aikin Alhaji wane kar ya shiga aikin Hajiya wance ko da kwana ɗaya ne, wannan ita ce hanyar Balsam.

Za a kawo maka farashin wani a ce ga wanda zai yi a rabin naka. Kar kayi gardama, ka nemi a tambayeshi kaurin tsakuwarsa da tsawon gashin kafet ɗinsa da tan nawa na yashi zai zuba. In bayan haka an zaɓeshi ka yi musu fatan alheri ka bar lambarka, araha bata ado, da yawansu bayan damina zasu kira.

Inda girman yake fitowa

Mutane suna ɗauka girma shine samun babbar kwangila. Ni a ganina daga buroshi yake farawa. Duk filin da ka gama ka haɗa da yarjejeniyar kulawa, ka riƙa zuwa duk wata ko wata biyu a ja buroshi a tayar da gashi, a mayar da garin taya inda ya gudu musamman bakin raga, a duba haɗi a manne wanda ya fara ɗagawa tun yana taƙi ɗaya. A arewa ƙurar hunturu tana cika kafet ta toshe shi, don haka kafin ruwan farko a yi masa babbar shara a wanke magudana. Kuɗin ba yawa amma yana shigowa ko babu sabon aiki, shi zai riƙe maka yaranka lokacin da kasuwa tayi sanyi. Sannan kafet mai kyau shekara 8 zuwa 10 yake yi, na haya da ake bugawa kullum har tsakar dare bai kai haka ba, ranar da za a canza wa kake ganin za a kira in ba wanda ake gani duk wata ba. Kuma in daɓenka na farko mai kyau ne, canjin kafet aiki ne mai sauƙi mai riba. Har filayen da wasu suka gina suka gudu ka karɓi kulawarsu, a nan zaka ga kurakuran mutane kyauta.

Daga nan sai ka faɗaɗa zuwa abinda yake kusa da hannunka. Makarantar da ka yiwa filin ƙwallo gobe zata so na kwando ko na tanis, wanda kankare ne ko kwalta da fenti na musamman a sama, duk dai maganar daɓe da gangara ce. Hanyar tsere ta mita 400 kuwa ka bari sai ka ƙosa, kowane layi mita 1.22 ne kuma awonta baya ɗaukar kuskure, in za a nemi shaidar hukumar guje-guje ta duniya wato World Athletics sai an zo an auna, yawanci ana yinta ne tare da masana'antar da ta yi robar su turo nasu ma'aikacin. In irin wannan ta taso ka shiga a matsayin mai aikin ƙasa a ƙarƙashin babban kamfani, ka karɓi kuɗinka ka buɗe ido.

Aikin gwamnati shi ne na ƙarshe a layi. Na tarayya sai ka tanadi takardar biyan haraji da ta hukumar fansho PENCOM da ta asusun horar da ma'aikata ITF da ta inshorar ma'aikata NSITF da rajistar hukumar kula da kwangiloli BPP, jihohi kuma kowacce da nata rajistar 'yan kwangila. Takardun ba su ne matsalar ba, jiran biya ne, ana iya gama aiki a buɗe da almakashi da 'yan jarida kai kuma kana bin fayil ofis-ofis, ga wani kaso da ake riƙewa sai wa'adin gyara ya wuce, in gwamnati ta canza a tsakani kuma sai addu'a. Kar ka shiga sai kana da filayen haya da makarantu da suke biyanka kuɗin kulawa wanda zai ɗauki albashin yaranka ko da an shekara ba a biyaka ba, kuma kar ka ci bashin banki mai ruwa don ka fara aikin da ba a baka kafin alƙalami ba. In ka shiga ɗin ma, ka yi ƙoƙari a rubuta kulawar shekara biyu ko uku a cikin kwangilar tun farko, don in aka bari sai an gama babu wanda zai sake ware mata kuɗi a kasafi.